Rukunin Gwaji

A da, waya ɗaya ce tal a sashen gyaran kwamfutoci na kamfanin. Baƙa ce, mai murɗaɗɗiyar igiya, tana zaune a tsakiyar dogon tebur tsakanin kofunan shayi da kwalin matattun linzaman kwamfuta. In ta yi ƙara, wanda ya fi kusa ya ɗauka, ya saurari koken, ya toshe bakinta da tafin hannu ya ce, "Firintar ofishin akanta ta sake cin takarda." Sai kowa ya dubi Auta. Ita ce mataimakiyar manaja, ita ke raba aiki, kuma da baki take rabawa: kai je can, kai tsaya nan. Ba a rubuta komai, ba a tambayarta dalili. Da wannan rashin tambayar take rufe asirin gidan yayarta.

Mijin yayar tata, wanda kowa ke kira Baban Biyu, a sashen yake aiki, shi ma ya kawo ta bayan ta gama makaranta. A zamanin ƙarfinsa shi ne mai hawa. Shi ya ja rabin wayoyin ginin ta cikin silin, shi ya kafa ƙarfen eriyar da ke kan rufi, can saman bene inda mutum ke ganin motoci kamar kwalin ashana. Sai ya yi hatsari a babur, ya bugu a kai. Raunin ya warke, gashi ya rufe tabon, ya dawo aiki aka yi ta yi masa barka. Abin da hatsarin ya bar masa shi ne farfaɗiya, wannan kuwa babu wanda ya sani a ofis sai Auta.

Da idonta ta gani. Wata rana ta kai musu ziyara, yana zaune a falo yana duba aikin makarantar 'yan biyunsa, sai ya ɗaga kai ya ce yana jin warin ƙonanniyar roba. Kafin a ce masa babu abin da ke ƙonewa ya kife tsakanin kujera da tebur. Dugadugansa suna dukan ƙasa, idanunsa sun juye, kumfa na fita ta gefen baki. Yaya ta tura yaran ɗaki, ta cusa masa matashi a ƙarƙashin kai, ta janye teburin. Irin saurin hannun nan shi ya nuna wa Auta ba yau aka fara ba.

Daga baya Yaya ta riƙe mata wuyan hannu a kicin. "Likita ya ce magani kullum, ban da tuƙi, ban da hawa sama. Auta, ko bango kada ya ji. In suka ji a wurin aikinku sallamarsa za su yi, kin fi ni sani."

Ta fi ta sani kuwa. Dokar kamfanin ta ce mai gyara sai cikakken mai lafiya, kuma ta ga yadda aka yi da wani dattijo da idonsa ya fara hazo: an haɗa masa ɗan biki, an ba shi agogon bango, an ce ya je ya huta. Tun daga ranar, in aikin tsani ya taso, sai Auta ta ce, "Baban Biyu ya hau nasa rabon, yara ku tashi." Samarin su yi dariya su ɗauki tsani. Shi kuma ya harare ta ya ce, "Ƙanwar mata ba ta da kunya, ni kike kira tsoho?" A haka aka shekara, aka sake shekara, babu wanda ya ankara.

Sannan aka sayo manhaja.

Manajan sashen mutum ne mai kirki, sai dai in abu ya zo a kwali da tambarin kamfani, to ya zama aya a wurinsa. Ya tara su ya ce daga yanzu an daina rabon aiki irin na kasuwa. Za a kasa ma'aikata rukuni-rukuni a cikin manhajar: masu amsa waya, masu gyaran kwamfuta da firinta, masu kula da ɗakin na'urori, sai masu wayoyi da eriya. Koke na shigowa, manhajar za ta duba irinsa, ta jefa wa wanda ke cikin rukunin, wayarsa ta yi ƙara. Kamfanin da ya sayar da ita ya turo wani mutum mai jan baji a wuya, mai yawan murmushi, ya zauna da su har su iya. Mai Baji suka raɗa masa.

Aikin kasa mutanen ya faɗa kan Auta. Mai Baji ya nuna mata: ga akwatuna a fuskar kwamfuta, ga sunaye a gefe, ki ja suna ki saka a akwati. Abu kamar wasan yara. Ta ja, ta saka, ta ja, ta saka, har ta zo kan Baban Biyu. Ta ja shi zuwa akwatin masu firinta. Sunan ya yi tsalle ya koma inda ya fito, wani jan rubutu ya bayyana.

"Ba ta yarda ba," in ji Mai Baji, yana leƙowa ta kafaɗarta. "Takardun wannan na wayoyi da eriya ne. Ta fi mu wayo, Hajiya. In kina son ki kai shi wani wurin, sai ki rubuta dalili a nan."

"Wa ke ganin dalilin?"

"Manajanku, da ofishin kula da ma'aikata. In na rashin lafiya ne, su za su nemi takardar likita."

Ta ce za ta ƙarasa bayan ta ci abinci, ta tashi ta shiga bayi ta kulle, ta tsaya riƙe da bakin famfo har tafin hannunta ya yi sanyi. In ta rubuta gaskiya ta tona shi. In ta rubuta ƙarya za a bincika. In ta bar shi a inda manhajar ke so, wata rana wayarsa za ta yi ƙara ta ce masa rufi, kuma ta san mijin yayarta, ba zai buɗe baki ya ce ba zai iya ba. Gaba kura, baya sayaki.

Da ta dawo Mai Baji ya fita shan iska. A nan idonta ya faɗa kan wani akwati a can ƙasa, mai ruwan toka, an rubuta masa Gwaji. Shi ya ƙirƙire shi don koya musu, ya cika shi da mutanen ƙarya: Ma'aikaci Ɗaya, Ma'aikaci Biyu, haka har ƙasa. Koke na gaske ba ya shiga wurin. Ta waiga, babu mai kallonta. Ta ja sunan Baban Biyu ta sake shi a tsakiyar mutanen da ba a haifa ba. Babu jan rubutu, babu tambaya. Sunan ya zauna lafiya lau.

Duk mai wannan sana'a ya san ba a ajiye abin gaske a wurin gwaji, domin wurin gwaji juji ne, wata rana za a kwashe shi. Auta ma ta sani, ita ke koya wa sababbi. Amma mai tsoro ba ya hangen wata mai zuwa, na yau yake nema ya wuce.

Aka fara aiki da manhajar. Baƙar wayar aka naɗe igiyarta aka jefa ta a kabad. Yanzu wayoyin hannu ne ke ƙara, nan ƙiri, can ƙiri, mutum ya duba tasa ya ɗauki jaka ya fita. An kafa babban allo a bango, sunan kowa da ɗigo a gefensa: kore in kana zaune, rawaya in kana kan aiki, tare da inda kake. Har katin shiga an ɗaure shi da rukuni, kowace ƙofa da mutanen da take buɗe wa. Ta Baban Biyu kaɗai ce wayar da ba ta ƙara, sunansa kuma ba ya kan allon.

Auta ta riƙa ba shi aiki a ɓoye, kamar mai raba kayan sata. Ta wuce ta gefensa ta ce, "Yaya, kwamfutar sakatariya ba ta kunnuwa, taimaka." Ta ɗauki koken da manhajar ta jefa wa wani ta ba shi, in ya gama ta rufe koken da sunan wancan. Kowace safiya kafin ta ajiye jaka sai ta buɗe akwatin tokar ta tabbata yana ciki. In Manaja ya tsaya gaban allon ya harɗe hannu, sai ta ƙirƙiro wata magana ta janye shi. Abinci ya daina yi mata daɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ita kuwa ta san tana kusa da ƙarshen nata.

Shi ma ba yaro ba ne. Wata yamma, bayan samarin sun watse, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Auta, ni fa na mutu ne ba a sanar da ni ba?"

"Wane irin zance ne wannan, Yaya?"

"Babu ni a bango. Katina ko sito ba ya buɗewa, sai na tsaya wani yaro ya zo ya buɗe mini. Na san aikinki ne." Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. "Ke da yayarki kun mai da ni ƙwai. Da a ce za ku samu kwando da kun saka ni."

"Na ɗan lokaci ne, har in samo dabara."

"Ai ban ce komai ba. Na gode." Ya tashi ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Kin san na fi shekara biyu ban ga garin nan daga sama ba?"

Ya sa hularsa ya fita.

Ranar da Mai Baji zai tafi, an kwana ana ruwa da iska. Auta na cikin motar haya Yaya ta kira ta, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yara su ji. "Ki sa masa ido yau. Bai yi barcin kirki ba, kuma da asuba ya tambaye ni ko na bar wani abu a wuta. Na ce ya zauna a gida, ya ƙi." Auta ta ce to. Ta sauka daga motar ta nufi ofis da sauri.

Ta tarar da ofis a hargitse. Iskar ta karkatar da eriya, intanet na zuwa yana ɗaukewa, koke sun yi tsiri. Samarin rukunin wayoyi duk manhajar ta tura su rassan kamfanin, inda ɓarnar ta fi yawa. Baban Biyu na kujerarsa yana kwance cikin wata tsohuwar firinta. Ta dube shi da kyau, ya ɗaga mata sukurdireba alamar gaisuwa. Kafin ta zauna aka kira ta taro da mutanen akanta, aka riƙe ta da maganar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Da ta dawo, Mai Baji na haɗa jakarsa, fuskarsa fal annuri. "Hajiya, na gama muku shara. Duk kayan gwajin nan na goge, mutanen ƙarya da akwatinsu. Af, na ma tarar da mutum na gaske ɗaya a ciki, ina jin hannu ne ya kuskure. Kada ki damu, manhajar da kanta ta mayar da shi inda ya dace."

Auta ta juya. Kujerar Baban Biyu babu kowa. Firintar na nan a buɗe, sukurori a jere cikin murfin kofi. Ƙusar da ake rataya ɗamarar hawa a bango, ita ma babu komai a kanta.

Ta ɗaga ido ga allon. Ga sunansa, can sama, da ɗigo rawaya. A gefe an rubuta: rufi.

Ta ciro waya ta nemo lambarsa, yatsanta ya tsaya. In yana tsakiyar tsanin ƙarfen nan fa? Ta san tsanin. A manne yake da ƙarfen eriyar, daf da bakin rufin, kuma sai mutum ya kai ƙarshensa yake samun inda zai maƙala ɗamara. Ƙarar waya a aljihu, hannu ɗaya ya saki, ƙarfe jiƙaƙƙe. Ta mayar da wayar. Ta fita da gudu, takalminta ɗaya ya fita a bakin ƙofa, ta cire ɗayan ta bar su nan.

Lif ya tsaya a wani hawa ya ƙi saukowa. Ta kama matakala. Tana hawa tana jin dugadugan nan suna dukan ƙasan falo, sai dai yanzu babu ƙasa a ƙarƙashinsu. Ta ga fuskar Yaya, ta ga 'yan biyu da jakunkunan makaranta a tsaye a ƙofar gida. Tsoro take ji, tsoron da ba ta taɓa jin irinsa ba, har ɗanɗanon ƙarfe take ji a harshe. Bakinta na ta ambaton Allah, ba ta ma san wace addu'a take yi ba.

Ƙofar rufi ta ƙarfe ce, babu taga, babu ko rami. Ta manna katinta. Jan haske. Ta goge shi a riga ta sake mannawa. Ja. Ita ba 'yar rukunin wayoyi ba ce, kuma ita da hannunta ta tsara wa ƙofar nan waɗanda za ta buɗe wa. Ta ɗaga hannu za ta buga, ta fasa, kada ƙarar ta firgita shi. Ta kara kunne. Iska ce kawai ke kuka, sai wani ƙarfe da ke bugun ɗan'uwansa, ƙwal, ƙwal, can ya yi shiru.

"Lafiya?"

Manaja ne, yana haki, ya biyo ta da takalmanta a hannu. An gaya masa mataimakiyarsa ta fita a guje babu takalmi.

"Yallaɓai, buɗe ƙofar nan. Kai kaɗai za ka iya daga wayarka."

"Me ya faru? Wuta ce?"

"Baban Biyu na sama."

"Na gani a allo. Aikinsa ne, wa ya fi shi sanin eriyar?" Ya ciro wayar duk da haka, ya latsa, ya dakata. "Buɗewar gaggawa ce, tana ƙararrawa har ofishin tsaro, kuma sai na faɗi dalili. Ba zan tayar da gini don mutum yana aikinsa ba. Ki nutsu ki gaya mini."

"Don Allah ka buɗe kawai."

"Ki gaya mini, Auta."

Bai taɓa kiranta da wannan sunan na gida ba. A bayan ƙofar, ƙarfen nan bai sake bugawa ba. Ta ji riƙon Yaya a wuyan hannunta kamar yanzu ake yinsa. Ta san in ta faɗa, maganar ba za ta sake komawa ciki ba, Manaja kuwa ba mugu ba ne amma ba ya iya sanin abu ya yi kamar bai sani ba. Ta san kuma watakila a daidai wannan lokacin mutumin yana rataye da hannu ɗaya, ko ma ya riga ya saki.

"Farfaɗiya gare shi," ta ce. "Tun hatsarin. Likita ya hana shi hawa. Yau da asuba ya ji alamarta."

Manaja ya dube ta, fuskarsa ta canza. Yatsunsa suka yi sauri a kan wayar, wata ƙararrawa ta tashi can ƙasan ginin, ƙofar ta yi ƙas.

Haske da iska suka buge su. Rufin duk tabkunan ruwa ne. Eriyar na tsaye a miƙe, ta fuskanci inda ya kamata. A gindin tsanin kuwa ga Baban Biyu zaune kan wani bulo, ɗamara a ƙugu, yana naɗe waya a gwiwar hannu. Lafiyarsa ƙalau. Rigarsa ta jiƙe da gumi, tafin hannunsa duk tsatsa, fuskarsa kuma tana wani haske da Auta ta manta yana da shi.

"A'a, ƙanwar mata, har kin biyo ni?" ya ce yana dariya. "Ina takalmanki? Je ki duba, intanet ya dawo. Ƙusa biyu ne kawai suka kwance. Kin ga garin kuwa bayan ruwan nan? An wanke shi tas. Zo ki gani, har makarantar yara ana hangowa daga..."

Sai ya ga Manaja a bayanta.

Auta ta jingina da bango. Daɗi ya cika ta na ganinsa da rai, kunya kuma ta rufe ta. Ta so a ce Manaja ya yi faɗa, ya yi tsawa, ya ce wa ya ba ka izini. Da hakan ya fi sauƙi.

Amma a hankali ya taka, yana kauce wa ruwan, ya rage murya irin yadda ake yi wa mara lafiya a asibiti. "Sannu, Baban Biyu. Zauna abinka, kada ka tashi da sauri. Kana jin jiri? Matso daga bakin nan kaɗan. Kawo ɗamarar in riƙe maka."

Dariyar ta sauka daga fuskar Baban Biyu sannu-sannu. Ya dubi hannun da Manaja ya miƙo, ya dubi Auta, ya daɗe yana dubanta. Ba fushi ta gani ba, da fushi ne da ta iya ɗauka. Ya ajiye wayar da yake naɗewa, ya kwance ɗamarar, ya ninke ta yadda ya saba, ya ba Manaja da hannu biyu.

Daga ƙasa ana jin takun masu tsaro suna hawowa. Ya miƙe, ya sake juyawa ya dubi garin, sannan ya zo ya tsaya kusa da ita, ya yi magana yadda Manaja ba zai ji ba.

"Ke za ki gaya wa yayarki, ko ni?"

Ta buɗe baki za ta ce masa ta ɗauka ya faɗi, ta ce da za a sake mayar da ita bayan ƙofar nan abin da za ta faɗa ke nan. Sai ya riga ta.

"Bari, ni zan gaya mata," ya ce. "Sa takalmanki, ƙasan nan da sanyi."

Ya wuce ta ya fara sauka, yana riƙe da ƙarfen matakala, Manaja na biye da shi taku ɗaya a baya da hannu a miƙe, ko da zai faɗi.